Katangu Bakwai da Baffa Ya Gina

Zuwa ga Shugaban Sashen Injiniyoyin Gine-gine na Jami'a,
ta hannun ɗakin gwajin gini da ke Haɗeja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyali da dukan ma'aikatanku. Ina kuma yi muku barka da aikin gyaran ɗakin gwajinku na nan garinmu. Allah Ya sa a gama lafiya.

Sunana Binta, ɗiyar Malam Buba magini, wanda yake aiki a wannan ɗaki tun ranar da aka buɗe shi. Shekaruna goma sha shida, ina aji uku a sakandaren 'yan mata. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba. Ko a aji, in malama ta kira sunana sai in sunkuyar da kai don kunya. Don haka in kun ga kuskure, ku yi mini afuwa.

Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, akwai wani laifi da na ɓoye shekara biyu, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna. Ni ce na fasa gilashin katanga ta huɗu.

Na san sai na yi bayani. A bayan ɗakin gwajin akwai wasu gajerun katangu guda bakwai a jere, ba wadda ta wuce kafaɗata. Baƙo in ya gani zai zaci kangon wani gida ne da aka fara aka bari. Baffa, wato mahaifina, shi ne ya gina su shekara shida da suka wuce, shi da Injiniya Mustafa, wanda jami'a ta fara turowa ya buɗe wurin. Dalilin kun fi ni saninsa: ƙasarmu ta bakin kogi baƙar laka ce, da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar akuya ta shige ciki. Gini in ya zauna a kanta, shekara biyu sai ka ga bango ya tsage. To, kowace katanga cikin bakwai ɗin irin harsashinta daban, wata ta tubali, wata ta bulo, don a ga wacce za ta jure. Duk inda tsaga ta fito, Baffa yakan manna siririn gilashi a kanta da siminti, ya kama gefe da gefe. In ƙasa ta motsa ko yaya, gilashin zai tsage, shi kuma ya rubuta ranar da faɗin tsagar.

Ni kuwa in ana hutu, ni ke kai masa abincin rana. Kuma gaskiya ina son littattafan soyayya, irin ƙananan nan na Turanci da wata malamarmu ke ba mu aro. A gida ba halin karatu, in ba ƙanne ba surfe, in ba surfe ba Inna na kira. Sai na gano cewa bayan katanga ta huɗu akwai inuwa mai sanyi, ba mai ganina. Nakan ajiye wa Baffa kwano, in ce zan jira ya gama, in lallaɓa can da littafina a cikin mayafi. Ran nan na kai wurin da saurayin ya hau jirgin ruwa ya tafi, bai san yarinyar ta biyo shi da gudu har bakin teku ba. Don takaici na mayar da kaina baya da ƙarfi, sai na ji ƙas! Ko waiwaya ban yi sosai ba, na kwasa a guje, har na bar ɗankwalina a wurin.

Abin da ya biyo baya a bakin Malam Garba na ji shi, mai kula da injin matse kankare, da ya zo gidanmu yana ba Inna labari yana dariya. Ya ce shi cewa ya yi a rubuta kawai katanga ta motsa. Baffa ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce a'a. Ya ce ƙasa in ta ja gilashi tsaga ɗaya take yi miƙaƙƙiya, bakunan su rabu da juna. Wannan kuwa daga tsakiya ya fashe ya watsu ta ko'ina, bugunsa aka yi. Ya ƙara da cewa, "Kan mutum ne, kuma mutumin a zaune yake." Haka ya rubuta. Bai tambayi kowa ba. Ɗankwalin na same shi a ninke a kan igiyar shanya. Da na sake kai abinci, sai na tarar an ajiye bulo guda a gindin darbejiya, nesa da katangun, an shimfiɗa masa buhun siminti. Har yau ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi.

Ranka ya daɗe, wannan mutumin ne takardarku ta kira mai shara.

Ranar Litinin ta makon jiya aka liƙa takarda a ƙofar ɗakin gwajin, ɗauke da sunayen waɗanda za su ci gaba da aiki bayan an gama gyara. Sunan Baffa yana can ƙasa, a gabansa an rubuta mai shara, an kuma ce sharar wuri za ta koma hannun ɗan kwangila, don haka ƙarshen wannan watan za a sallame shi. A ranar ne kuma aka shafa wa katangun nan bakwai jan fenti, alamar za a rushe su a gina sito. Ga abin da nake so ku sani.

Na ɗaya, yadda kuskuren ya faru. Wata biyu da suka wuce kun turo jami'i ya rubuta sunayen ma'aikata da aikin kowa. Injiniya Mustafa ya daɗe da tafiya ƙaro karatu ƙasar waje, sabon injiniyan da ya maye gurbinsa kuma ya fita duba wata kwalbati a hanyar Birniwa. Jami'in ya iso da sassafe, ya tarar da Baffa da tsintsiya a hannu. Gaskiya ne yana shara, kullum da ita yake fara aiki, don ya ce ƙwayar yashi guda in ta hau sikeli ta ɓata awo, kuma bai yarda wani ya share kusa da sikelin ba. Jami'in ya tambaye shi mene ne aikinsa. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina dai taimaka wa masu ilimi, ina share musu wuri." Shi ke nan aka rubuta.

Mu asalinmu Fulani ne. Kakana ne ya bar kiwo ya zauna cikin gari, shanun sun tafi amma kunyar ba ta tafi ba. Ni 'yar farinsa ce, kuma tun da aka haife ni Baffa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "ke". In ya wuni bai ci komai ba aka tambaye shi, alhamdulillahi zai ce. Irin wannan mutumin, ya buɗe baki ya ce wa baƙo shi gwani ne, ai gara a ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Ban ce jami'inku ya yi mugunta ba, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Amma a nan, in dattijo ya ce yana dai taimakawa, ba a tsayawa nan, sai a juya a tambayi na kusa da shi. Malam Garba yana tsaye a wurin, taku uku tsakaninsu. Shi kuma ya yi shiru don yana ganin ba ladabi ba ne ya tsoma baki ba a tambaye shi ba. Yanzu kullum sai ya zo zaurenmu yana tafa hannu yana cewa da ya sani. Inna kuwa cewa ta yi su biyun su je su nemi wanda zai riƙa ara musu baki.

Na biyu, ainihin aikinsa. In aka kawo ƙasa daga inda gwamnati za ta yi gini, Baffa ke fara taɓa ta. Yakan ɗiba kaɗan ya jiƙa, ya murza ta tsakanin tafukansa har ta zama kamar igiya, ya ga inda za ta katse. Wani lokaci ya ɗan ɗora ta a harshe. Daga nan zai faɗi ko za ta kumbura, da zurfin da ya kamata a haƙa. Sannan a sa ta a wuta a busar, a tankaɗe, a auna, aikin kwana biyu. Injiniya Mustafa ya mayar da abin wasa: sai ya rubuta abin da Baffa ya faɗa ya kife takardar a ƙarƙashin kofin shayi, in awo ya fito a buɗe. Na sha ganinsa yana buɗewa yana girgiza kai yana cewa, "Malam Buba, don Allah ka riƙa bari na'urar nan ta ci abincinta." Ban ce Baffa ba ya kuskure ba. In ya yi, shi ke fara cewa a rubuta na'ura ta fi shi, kuma sai ya ɗebi ƙasar ya kawo gida yana ta murzawa har ya gane inda ta yaudare shi.

Akwai wasu ajujuwa da aka gina a wani ƙauye ta wajen Kirikasamma, inda goggona take aure. Baffa ya ce kada a tsaya sai an haƙa an wuce baƙar laka, a zuba yashi a daddaɓe kafin a ɗora harsashi. Maginan wurin suka yi ta gunaguni, suna cewa rijiya aka sa su haƙa ba aji ba. Bayan nan aka yi farin nan da kowa ya sani, ƙasa ta dare ko'ina. Na je bikin suna bara na gani da idona: shagunan da ke kallon makarantar duk sun tsattsage, ajujuwan nan kuwa suna nan lafiya lau. A wajen Kaugama kuma, da aka kawo ƙasar jigawa, shi ne ya ce kada a wahalar da leburori da zurfin banza, wannan ba ta motsi.

Na uku, rubutun. Baffa bai yi boko ba, amma yana da ajami mai kyau. Littattafai huɗu ya cika da labarin katangun nan: ranar da ruwan farko ya sauka, ranar da kogi ya cika ya kawo bayan ɗakin, ranar da kowane gilashi ya tsage da faɗinsa. Da can Injiniya Mustafa ke zama Baffa na karantowa yana juyawa zuwa boko. Da ya tafi ba wanda ya ɗauki aikin, sai Baffa ya ce wa Inna ta tambaye ni ko zan iya. Don haka takardun da ke iso muku cikin ambulan kowane wata, masu rubutu zagaye-zagaye, hannuna ne, amma kowace kalma tasa ce. Akwai wadda na zana ɗan fure a ƙasanta, na manta ban goge ba, ku yafe ni. Kuma da na zo juya tsofaffin shafuka, da hannuna na rubuta cewa kan mutum ne ya fasa gilashin katanga ta huɗu, Baffa na karanto mini yana kallon wani wuri, ni ina kallon takarda.

Jami'inku ya ga littattafan nan huɗu a kan kantar ɗakin gwajin. Da ya ga ajami sai ya zaci addu'o'i ne, ya ce cikin ladabi a mayar da su gida kada ƙurar aiki ta taɓa su. Yanzu suna cikin adakar Inna, a ƙarƙashin zannuwanta. Ba addu'a ba ce, ranka ya daɗe, aikinku ne.

Na huɗu, katangun. An ce sabon injin da za ku kawo zai matse kankare ya fasa shi kafin mutum ya gama shan ruwa. Na yarda. Amma ba injin da zai ba ku damina shida. Katangun nan sun ga fari, sun ga ambaliya. Ta biyu ta karkace kamar tsohuwa mai ciwon baya, ta shida ta rabu gida biyu, ta huɗu kuwa, mai yashi a ƙarƙashinta, ban da 'yar siririyar tsagar farko da aka manna wa gilashi, ko gezau. Ni shaida ce, gilashinta bai taɓa tsagewa ba sai da kaina ya same shi. In aka rushe su, sai a sake jiran wasu shekaru shida, alhali yanzu ne gwamnati ke ta gina makarantu da asibitoci da gadoji a kan wannan laka. Kuma in suka faɗi, me Baffa zai nuna a ce nasa ne? Ɗan kwangilar da ke aikin gyaran ya ce ranar Asabar za a fara rushe su. Na auna da ƙafata, in aka matsar da siton taku goma zuwa gabas, zai zauna bai taɓa ko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka ina ƙin gyaran. Wallahi ina murna da shi. Na san lokacin da kwanon rufi ke yoyo a kan sikeli, ana tara ruwa da bokiti. Na san yadda Malam Garba ke buga tsohon injin da hannu har gumi ya jiƙa masa riga. Yanzu ga sabon kwano yana ƙyalli tun daga bakin hanya, ga tagogin gilashi, an ja wayar lantarki, an gyara kwamin da ake jiƙa kankare a ciki. In na tsaya a ƙofa nakan ga kamar an gama, ga ɗalibai da fararen riguna suna kai da kawowa, har nakan ga wata yarinya a cikinsu da biro a bayan kunne, ba ta jin kunyar kowa. Ban san ko sashenku yana ɗaukar mata ba, ban kuma tambaya ba, wannan maganar wata rana ce.

Shi kansa Baffa ya fi kowa murna. Tun da aka liƙa takardar bai fasa fita da asuba ba. Shekaranjiya ya hana leburori kwaɓa siminti da yashin da aka ɗebo mai laka, ya kai su inda mai kyau yake. Bai yi ƙorafi ga kowa ba. Abu ɗaya kawai na ji ya faɗa, yana alwala a tsakar gida, kamar da buta yake magana: wai ruwan bana ya kusa, ko wa zai duba gilasan. Tun ranar abincinsa ya ragu, Inna ta lura, ni ma na lura.

A littattafan da nake karantawa, in abu ya ɓaci, a shafin ƙarshe wani yakan iso cikin mota ya gyara komai. Da ina ƙarama ma na taɓa ɗaukar Injiniya Mustafa irin wannan jarumin ne, sai ranar da kwaɗo ya yi tsalle daga cikin kwami, na ga ya haye tebur yana kiran Malam Garba. To, na jira mako guda cur, ba wanda ya iso. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ga roƙona. Ina roƙo ku dakatar da rushe katangun har ku gan su da idonku. Ina roƙo a gyara takardar, a mayar da sunan Malam Buba cikin ma'aikatan gwaji, a rubuta masa aikin da yake yi. Kada ku dogara da maganata, ni 'yarsa ce. Ku rubuta wa Injiniya Mustafa, ku tambayi Malam Garba, wannan karon zai yi magana, ya rantse wa Inna. In kuma kuna son ku gwada Baffa, don Allah kada ku tambaye shi mene ne aikinsa, don amsar da ya ba jami'inku ita zai sake ba ku. Ku ɗebo ƙasa daga wurare uku ku zuba masa a hannu, ku ce wacce za ta ɗauki gini. A nan ba ya jin kunya. Sannan ina roƙo a karɓi littattafan nan huɗu a ba su wuri a sabuwar kanta, in ana bukatar mai juya su zuwa boko, ina nan duk hutu.

Na ji an ce ku mutum ne mai sauraro, kuma zuciyata ta ba ni za ku gyara. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a sashenku da ɗalibanku, Ya sa duk ginin da ya fito daga wannan ɗaki ya tsaya da ƙafarsa, 'ya'yanmu su yi karatu a ciki ba fargaba. Allah Ya mayar da ku gida lafiya, amin.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Binta Buba,
Haɗeja.

Ƙarin magana: wannan ita ce ta uku da na rubuta, biyun farko na yayyaga. Da niyyata in ba direbanku ya miƙa muku ba suna, in liƙa kwafi a ƙofar ɗakin in gudu, kamar yadda na gudu ranar gilashi. Sai na tuna shiru ne ya kawo mu nan, na Baffa da na Malam Garba, ban ga amfanin in ƙara da nawa ba. Kwafin zan liƙa shi da sunana, kusa da takardarku. Baffa ba ya karanta boko, amma kafin azahar wani zai karanta masa, har da maganar gilashin, kuma na san abin da zai yi: zai kalli wani wuri. An ce jibi Alhamis za ku zo duba aiki. In kun zagaya bayan ɗakin, za ku ga wata yarinya da farin mayafi tsaye jikin katanga ta huɗu, ta rungume littattafai huɗu, tana kallon ƙasa. Ni ce. Wataƙila bakina ya ƙi buɗewa, amma hannuna zai miƙo muku wannan takarda. Ku karɓa kawai.